Gashin Haƙarƙarin Sa a Amurka: Naman Kirsimetin da Ba Ya Yafe Kuskure

Mako guda kafin Kirsimeti, shagon mahauci a garuruwan Amurka ba ya shiguwa. Tun da sanyin safiya mutane ke kafa layi, kowa ya duƙunƙune cikin rigar sanyi, riƙe da 'yar takarda mai lamba. Yawancinsu ba ciniki suka zo yi ba, domin tun farkon Disamba suka ba da sautu aka rubuta sunansu. Tambayar da mahauci ke yi wa kowa guda ce: ƙashi nawa?

Mai mutum 6 a gida ya ce 3. Wanda surukai za su sauka a gidansa ya ce 5. Mahauci ya shiga ɗakin sanyi ya fito rungume da narkeken yanki na gadon bayan sa, kitse ya lulluɓe samansa, ƙasusuwan haƙarƙari sun jeru a ƙasa. Ya zare ƙashin da wuƙa, ya mayar da shi mazauninsa, ya ɗaure da zare, ya ɗora a sikeli. A nan fuskar mai saye take sauyawa.

Wannan yanki shi Amurkawa ke kira prime rib. A 'yan shekarun nan, mai ƙashi 4, wanda nauyinsa kan kai kilo 4 ko fiye, ba wuya ya haura dala 100 a babban kanti. A shagon mahaucin da ke ji da kansa kuwa, sai a ji dala 200 ko 300.

Yadda magidanci a Kano ko Maraɗi ke zagaya kara yana taya ragon layya yana jan tsaki, haka Ba'amurke ke tsayawa gaban gilashin mahauci a Disamba. Sai dai rago kasko-kasko ake soya shi, in wani ya ƙone wani ya tsira. Wannan kuwa dunƙule guda ne, sau ɗaya yake shiga wuta, baƙi na zaune a falo suna jira. Minti 20 na sakaci ya isa ya mayar da kuɗin cefanen mako guda busasshen abu mai launin toka. Shi ya sa kowace shekara jaridu da gidajen talabijin na ƙasar ke cika da bayanin yadda za a gasa shi, kuma har yau masana girkin ba su daina musu a kai ba.

Inda wuƙa ke shiga

Sa yana da haƙarƙari 13 a kowane gefe. Mahautan Amurka suna ƙirgowa daga wajen wuya, su ware na 6 zuwa na 12, wato ƙashi 7, haɗe da doguwar tsokar da ke kwance a kansu a gefen ƙashin baya. Cikakken yankin kan kai kilo 7 zuwa 9. Tsokar nan ba ta aikin wahala. Cinya da kafaɗa ne ke ɗaukar tafiya, ita tana kwance abinta, don haka jijiya ba ta yi mata yawa ba, tun tana ɗanya take da taushi.

Bakin nan da bakin can ba ɗaya ba ne. Wanda ke wajen ƙugu, daga ƙashi na 10 zuwa na 12, tsoka ce a dunƙule, mai kyan gani in an yanka. Wanda ke wajen kafaɗa ya fi kitse, tsokarsa a rarrabe. Masu son a yaba faranti sukan nemi na farko, masu bin daɗin baki na biyu. Lissafin mahauta kuwa mai sauƙi ne: ƙashi 1 ga mutum 2.

Kitsen saman nan mai kauri ba shi ke sa tsada ba. Wanda ake biya dominsa shi ne wanda ya ratsa cikin tsoka, fari-fari, sirara-sirara, wanda in ya ji wuta yake narkewa ya jiƙa naman daga ciki. Tun 1927 ma'aikatar noma ta Amurka ke ba naman sa maki. Ana tsaga gawar daidai tsakanin haƙarƙari na 12 da na 13, jami'i ya duba fuskar tsokar, yanzu har da taimakon kyamara, ya buga tambari. Wanda ya fi kitsen ciki shi ne Prime, sai Choice, sai Select. Kusan kashi 10 cikin 100 ne kawai ke samun tambarin farko, mafi yawa a na biyu suke tsayawa. Masu saye da dama kan ruɗe a nan, su ɗauka duk abin da aka kira prime rib tambarin Prime gare shi. Mafi yawan wanda ake gasawa a gidaje Choice ne, kuma ba laifi gare shi.

Kitsen nan ba daga sama ya faɗo ba. Shanun Angus, baƙaƙe marasa ƙaho 'yan asalin Sukotilan, waɗanda wani George Grant ya kai jihar Kansas a 1873, sun shahara da tara shi. Bayan maraƙi ya yi kiwon ciyawa, sai a kai shi wurin turka ya yi wata 4 zuwa 6 yana cin masara ba yawo. Galibi kafin ya cika shekara 2 an yanka shi. Bayan yanka ma ba a gaggawar sayarwa. Naman kan yi makonni a sanyi, ko dai cikin leda da aka zuƙe wa iska, ko a fili a kan kanta inda yake bushewa ya ƙara ƙarfin ƙamshi, ya kuma ƙara tsada. A wannan zaman ne tsokar ke saki da kanta.

Ke nan kafin naman ya shigo kicin, an riga an gama mafi yawan aikin. Abin da ya rage wa mai girki shi ne kada ya ɓata.

Daga Landan zuwa Las Vegas

Gasa naman sa a dunƙule al'adar Turawan Ingila ce, kuma a ƙarni na 18 har abin taƙama ya zama. A 1748 mai zane William Hogarth ya yi wani shahararren hoto da ke nuna ana wucewa da ƙaton naman sa ta ƙofar garin Calais, ramammun sojojin Faransa na bin sa da ido. A wancan zamani soke naman ake yi a ƙarfe ana juya shi a gaban wuta, kitse na ɗiga cikin kaskon da aka zuba wa ƙullun fulawa da ƙwai da madara. Abin da ke fitowa daga kaskon shi ne Yorkshire pudding, wanda Hannah Glasse ta ambata a littafinta na girki a 1747, kuma har gobe shi ne abokin tafiyar wannan nama.

Amurka ta gaji al'adar, ta ƙara mata yawa. An buɗe babbar karar shanu ta Chicago a 1865. A ƙarshen shekarun 1870 Gustavus Swift ya fara jigilar yankakken nama a taragun jirgin ƙasa masu ƙanƙara, naman tsakiyar ƙasa ya isa New York da Boston bai lalace ba. A 1938 aka buɗe gidan abinci na Lawry's a yankin Los Angeles, wanda a farkonsa prime rib kaɗai yake sayarwa, ana turo shi cikin ƙatuwar amalanke mai ƙyalli a yanka wa mutum a gabansa, salon da aka kwaikwayo daga gidan Simpson's na Landan. House of Prime Rib na San Francisco ya biyo baya a 1949. Gidajen cacar Las Vegas kuwa sun daɗe suna karyar da farashinsa don jawo mutane, sun san inda za su fanshe.

Wajen 1976 cin naman sa ya kai ƙololuwa a ƙasar, kowane mutum na cin kimanin kilo 40 a shekara. Daga nan likitoci suka fara gargaɗi kan kitse, kaza ta yi araha har ta sha gabansa. Yanzu lissafin yana wajen kilo 26. Gashin da a da ake yi ranar Lahadi a gidaje da yawa ya janye ya koma na shekara-shekara. Talotalo ya riga ya kama teburin Ranar Godiya a watan Nuwamba, saboda haka in Kirsimeti ta zo, gidajen da suka gaji da shi sukan koma ga cinyar alade ko haƙarƙarin sa.

A nan tushen fargabar yake. Abin da mutum ke dafawa sau ɗaya a shekara, hannunsa ba zai taɓa faɗawa da shi ba.

Garke ya ragu, farashi ya hau

A farkon 2025 shanun Amurka duka ba su wuce miliyan 87 ba, adadin da rabon da a ga irinsa tun 1951. A 1975 sun kai miliyan 132. Gaskiya ne shanun yanzu sun fi na da nauyi, wannan ya rage giɓin, amma bai rufe shi ba.

Fari ne babban sanadi. A 2022 da 2023 makiyayar Texas da Oklahoma da Kansas ta ƙone, ciyawa ta yi tsada, kuɗin ruwan bashin banki ya hau. Makiyaya suka shiga sayar da shanun da ya kamata su bari su haihu. Gyaran wannan ɓarna ba ya yiwuwa da umarnin gwamnati. Karsana sai ta kai kusan shekara 2 take haihuwar fari, cikin kansa wata 9 ne, maraƙin kuma ya ɗauki kusan shekara ɗaya da rabi kafin ya isa yanka. Wani abin takaicin ma, duk karsanar da aka ajiye don haihuwa an rage nama a kasuwa ke nan a wannan shekarar, farashi ya ƙara hawa kafin ya sauko.

Ana cikin haka wani ƙuda mai zuba tsutsa a raunin dabba, tsutsar tana cin naman dabbar da ranta, ya ɓulla a Meziko a ƙarshen 2024. Amurka ta kawar da shi daga ƙasarta tun shekarun 1960, ba ta son ya dawo. Sai ta rufe iyaka ga shanun Meziko, waɗanda a da fiye da miliyan 1 ke shigowa a shekara. A tsakiyar 2025 niƙaƙƙen nama, wanda shi ne na talaka, ya haura dala 6 kowace laba. In na talaka ya yi tashin gwauron zabi haka, sai a ƙiyasta na sarauta.

Haƙarƙari yana da tasa matsalar ta daban. Kowane sa yanki 2 kacal gare shi, kuma daga wannan tsoka ake yanka ribeye, naman da gidajen abinci ke rububi duk shekara. In Nuwamba ta shigo, farashinsa na sari yakan kai inda bai kai ba a sauran watanni.

Wa ke cin ribar? Kowa da inda yake nuna yatsa. Masu saye da wasu 'yan siyasa na zargin kamfanoni 4, wato Tyson da JBS da Cargill da National Beef, waɗanda ke yanka kusan kashi 85 cikin 100 na shanun turka. Kamfanonin na cewa asara suke tafkawa saboda tsadar shanu, har Tyson ya sanar a ƙarshen 2025 cewa zai rufe babbar mayankarsa ta Lexington a jihar Nebraska. Makiyaya kuwa na ganin bayan shekarun wahala yanzu ne suka fara numfashi. Da Shugaba Trump ya kawo shawarar ƙara shigo da naman Ajantina a Oktoban 2025, su ne suka fara yi masa ca, duk da cewa yawancin yankunansu shi suka zaɓa.

Akwai dai 'yar kafa ga mai ƙaramin ƙarfi. Manyan kantuna sukan karya farashin haƙarƙari a makon Kirsimeti, wani lokaci ƙasa da yadda suka saro, don sun san wanda ya shigo sayen nama ba zai fita da nama kaɗai ba.

Rikicin wuta

Duk musun da ake yi ya taƙaita ne a kan buƙata 2 da ba sa ga maciji. Ana son bayan naman ya gasu ya yi ɓawo mai duhu da ƙamshi, wanda ba ya samuwa sai zafi ya haura digiri 140 a ma'aunin Salshiyos. Ana kuma son cikinsa ya tsaya wajen digiri 54 zuwa 57, ja-ja mai ruwa. Da zarar tsoka ta wuce digiri 60 sai ta fara tsukewa tana matse ruwanta. In ta kai 70 ta zama toka-toka.

Tsohuwar hanya, wadda kakanni suka bari, ita ce a fara da wuta mai ƙarfi, wajen digiri 230, na minti 15 ko 20, sannan a rage zuwa 160 har ya nuna. Hujjarta ita ce wai ƙona bayan nama yana toshe shi ya hana ruwa fita. Wani masanin sinadarai Bajamushe, Justus von Liebig, shi ya yaɗa wannan ra'ayi wajen 1847, manyan masu girkin Faransa suka karɓa, ya shiga littattafai ya zauna daram. Gwaje-gwajen shekarun 1930 sun nuna ba haka ba ne, Harold McGee ya sake tono maganar a littafinsa na kimiyyar girki a 1984, amma har yau ana jin ta a talabijin. Ba sai an je ɗakin gwaji ba ma: ƙarar cuuu da nama ke yi a kasko ruwa ne ke fita yana ƙonewa, kuma ba ta tsayawa don bayan ya gasu. Amfanin ɓawo ɗanɗano ne kawai.

Aibin wannan hanya sai an sa wuƙa yake bayyana. Tsakiya ja, amma kewaye da ita akwai zobe mai kauri na naman da ya wuce misali, wani lokaci kusan rabin yankan. Kuɗi ɗaya aka biya da ja da tokan.

Hanya ta biyu ta masu ƙarfin hali ce. A zafafa obin ya kai ƙarshensa, digiri 260, a saka naman na ɗan lokaci gwargwadon girmansa, a kashe, kada kowa ya kuskura ya buɗe ƙofa sai bayan awa 2. Jaridar New York Times ta buga wannan dabara a 1966 da sunan wata marubuciyar girki, Ann Seranne, kuma gidaje da yawa sun rantse da ita har yau. Matsalar ita ce obin ɗin 1966 ba shi ne na yanzu ba. Na zamani da yawa suna da fanka mai fitar da zafi da zarar an kashe. Mai gida ya jira awa 2 cikin natsuwa, ya buɗe ya tarar da ɗanyen nama, ga baƙi sun wanke hannu. Ba tsuntsu ba tarko.

Ta ukun ita ce ta juya tsohuwar hanya ƙafa sama. A fara da wuta kaɗan, digiri 95 zuwa 120, naman ya yi awa 3 da rabi ko 4 ko fiye yana ɗumama a hankali, har tsakiyarsa ta kai wajen 50 ko 52. A fitar, a lulluɓe sama-sama, ya huta rabin awa ko awa guda. Baƙi na zama a tebur, sai a mayar da shi obin mai digiri 260 na minti 6 zuwa 10, bayan ya yi ɓawo, a yanka nan take. J. Kenji López-Alt, wanda ya rubuta kan wannan salo a mujallar Cook's Illustrated a 2007 sannan ya faɗaɗa shi a littafinsa The Food Lab a 2015, shi ya fi kowa yaɗa shi.

A ganina wannan ce ta fi, kuma ba don sabuwa ce ba. Yankan yakan fito launi ɗaya daga baki zuwa baki. Awannin da ya yi a ƙaramar wuta sun busar da bayansa, don haka ɓawo ke samuwa da wuri. Mafi muhimmanci, tana ba da sarari: a ƙaramar wuta zafin ciki a hankali yake hawa, wanda ya shagala da gaisawa da baƙi na minti 10 bai yi asara ba. Ga kuma lokacin hutun nan da obin ke zama fanko a gasa dankali. Illarta biyu ce, cin lokaci da hayaƙi. Kitse a digiri 260 yakan tayar da ƙararrawar gobara, abin da ya zama kamar wani ɓangare na shagalin a gidaje da dama.

Duk hanyar da aka bi, agogo ba abin dogaro ba ne. Lissafin minti kaza ga kowace laba yana yaudara, domin yanki mai ƙashi 7 tsawo ya fi mai ƙashi 3, kaurinsu kusan ɗaya ne, zafi kuwa ta gefe yake ratsawa. Ma'aunin zafi mai tsinke, wanda ake sokawa a tsakiyar tsoka ba tare da ya taɓa ƙashi ba, bai fi dala 15 ko 20 ba. Abin mamaki ne yadda mutum zai zuba dala 200 a nama ya tsaya jayayya da wannan. Sai kuma a tuna cewa nama ba ya daina nuna don an fitar da shi. Zafin baya yana ci gaba da shiga ciki, ya ƙara digiri 3 zuwa 6, ko fiye in da babbar wuta aka gasa.

Gishiri tun jiya

A nan kusan kowa ya yarda. A barbaɗe naman da gishiri kwana 1 ko 2 kafin ranar, a ajiye shi a firji a buɗe. Da farko gishirin zai jawo ruwa waje, daga baya ruwan ya koma ciki da shi, iskar firji kuma ta busar da bayan. Masoro da tafarnuwa da ɗan ganyen ƙamshi sun wadatar. Wasu na shafe shi da bota, amma naman da kitse ya yi wa rawani bai rasa mai ba.

Jan ruwan nan jini ne?

Baƙo daga ƙasashenmu da aka gayyata irin wannan walima, abin da zai fara tsayar masa da cokali shi ne jan ruwan da ke kwance a faranti. Jinin dabba a wurin yanka yake zuba. Abin da ake gani a faranti ruwan tsoka ne haɗe da wani sinadari mai suna mayoglobin, wanda ke riƙe iskar shaƙa a cikin tsokar, kuma shi ke sa naman sa ya fi na kaza ja. Zafi ne ke sauya masa launi zuwa toka. A wajen malaman fiƙihu ma, jinin da ya kwarara shi ne haramun, abin da ya rage a tsoka bayan yanka na gari an yi rangwame a kansa. Tambayar da ta fi dacewa Musulmi ya yi ita ce ta yankan kansa, da kuma romon, domin Turawa da yawa na zuba giya a ciki. A Dearborn ta jihar Michigan da unguwannin New York irin su Bronx, inda Hausawan Gana da Nijar da Najeriya ke da yawa, akwai mahautan halal, kuma wanda ya ba da sautu da wuri zai iya samun wannan yanki.

Batun lafiya kuwa, hukuma da masu girki ba su daidaita ba. Ma'aikatar noma ta ce digiri 63, sannan a bar shi ya huta minti 3. Masu girki na ganin wannan ya ɗan wuce. Hujjarsu ita ce a dunƙulallen nama ƙwayoyin cuta a baya suke zama, wuta kuma ta riga ta gama da su. Niƙaƙƙen nama daban ne, domin niƙa na shigar da na waje ciki. Amurka ta koyi wannan da hawaye a 1993, lokacin da hambagar da ba ta nuna ba ta kwantar da mutum fiye da 700, yara 4 suka mutu. Masu juna biyu da tsofaffi da ƙananan yara da marasa lafiya, shawarar hukuma ta fi musu. Mai gida mai lura yakan ba su bakin-baki, inda ya fi nuna, ko ya tsoma yankansu a tafasasshen romo na ɗan lokaci.

Akwai kuma masu ganin bai kamata a ci ba sam, ko a rage ƙwarai. A 2015 cibiyar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka jan nama cikin abubuwan da mai yiwuwa ne suna haddasa cutar. Masu rajin muhalli na nuni da hayaƙin da kiwon shanu ke fitarwa. Masu kare al'adar na amsawa da cewa abin da ake ci sau ɗaya a shekara ba shi ne matsalar ba, a je a tambayi hambagar da ake ci kullum. Ban ga laifin wannan amsa ba.

In a gida za a gwada

Yanzu da obin na gas ya yawaita a gidajen Kano da Kaduna da Yamai, kuma hotunan wannan gashi na yawo a wayoyi, wani zai so ya gwada ranar Sallah ko Kirsimeti. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Bunaji da Bokolo da Rahaji da Azawak shanun tafiya ne, ciyawa suke ci, sukan manyanta kafin a yanka, kitsensu kuma a tozo da kewayen ciki ya fi taruwa, ba ya ratsa tsoka kamar na Angus. Naman da aka yanka da asuba kafin azahar ya ƙare, bai samu makonnin nan na saki ba. Mahautanmu kuma sara suke yi kashi-kashi, haƙarƙari ba ya fita a dunƙule sai an roƙa tun kafin a fara fiɗa.

Wanda ya nace, ya nemi turkakken bijimi mai ƙuruciya, ya yi magana da mahauci tun jajibiri, ya bar kitsen saman yadda yake. In wutar lantarki ta yarda, naman ya yi 'yan kwanaki a firji da gishirinsa. Ƙaramar wuta ta fi dacewa da shi ma fiye da na Amurka, tunda ba shi da kitsen cikin da zai rufa masa asiri.

Amma kada a kwaikwayi jan tsakiyar nan. Hujjar cewa cuta a baya take zama ta dogara ne da naman da likitan dabbobi ya duba, aka kuma riƙe shi a sanyi tun daga mayanka. 'Ya'yan tsila a cikin tsoka suke ɓuya, kuma a inda binciken nama ke da rauni, wuta ce kaɗai kariya. A bar tsinken ma'auni ya nuna digiri 63 ko sama da haka a tsakiyar tsoka kafin a sauke.